Kurkur da citta za su iya maye gurbin maganin asibiti ga mai amosanin gaɓɓai?

Wata baiwar Allah ce ta turo tambaya, ta ce shekararta 38, bara aka tabbatar mata tana da amosanin gaɓɓai irin wanda muke kira rumatoyid, aka ɗora ta a kan methotrexate, to amma duk ranar da ta sha tashin zuciya da kasala ba sa barinta ta yi komai. Ta ji ana ta cewa kurkur da citta da habbatus sauda suna da sinadaran da ke kashe kumburi, har wata mai sayar da kafso ta ce mata in ta yi wata uku tana sha ita da asibiti sai dai gaisuwa. Shin ta ajiye maganin ta koma ga abinci?

Hajiya sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi yasa kaffara ne. Kar ki ajiye maganin nan don Allah. Amma ba zan ce miki zancen kurkur da citta shirme ba ne, domin ba shirme ba ne, akwai gaskiya a ciki, kawai dai masu talla sun ɗauki gaskiyar sun hura ta ne har ta fi ƙarfinta. Bari mu bi abin a hankali.

Da farko ciwon naki ba irin na tsofaffi ba ne da gwiwa ke cinyewa saboda shekaru da nauyi. Naki garkuwar jikinki ce da kanta ta juyo tana kai wa siririyar fatar da ta lulluɓe cikin gaɓa hari, fatar ta kumbura ta yi kauri ta fara cin guringuntsi da ƙashin da ke gefenta. Shi ya sa kika ga yana kama yatsu da wuyan hannu na dama da na hagu a tare, shi ya sa da asuba hannun ke sanƙarewa ki kasa murɗa bakin buta, ki kasa matse tsumma, ɗaura ɗankwali ma ya zama aiki, sai rana ta ɗaga sannan ya fara saki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ne ke da shi, kuma kusan kashi 70 cikin 100 mata ne. Abin da ya sa muke tsoronsa shi ne zafin da kike ji daban, ɓarnar da yake yi wa ƙashi daban. Zafi zai iya lafawa ɓarnar na ci gaba, kamar gara a cikin azara, daga waje ɗaki lafiya lau. Kuma mafi yawan ɓarnar a shekara biyun farko take farawa, wato daidai inda kike yanzu, gaɓar da ta riga ta karkace kuwa babu maganin da zai miƙar da ita. Methotrexate da 'yan uwansa irin su sulfasalazine da leflunomide an gwada su an ɗauki hoton ƙashi an ga suna rage wannan ɓarnar, wasu sosai wasu kaɗan. Babu wani kayan ƙamshi da aka taɓa nuna ya yi hakan a jikin mutum.

To yanzu kurkur, wanda wasu ke ce wa gangamau. Sinadarin da ake magana a kai sunansa kurkumin, shi ne ke ba shi launin rawayan nan da ke kama hannu da roba. A ɗakin gwaji yana danne wasu saƙonnin da ƙwayoyin garkuwa ke aika wa juna don tayar da kumburi, irin su TNF da IL-6, waɗanda su ne ma allurai masu tsadar nan na zamani ke tarewa. Daga nan zumuɗin ya samo asali. A jikin mutane kuwa binciken da aka fi yawo da shi na Indiya ne a 2012, mutum 45 kacal, aka raba su uku, wasu kurkumin miligiram 500, wasu diclofenac, wasu duka biyun, na sati 8, kuma 'yan kurkumin sun samu sauƙi sosai. Amma ki lura da diclofenac aka gwada shi, wato maganin rage zafi, ba da methotrexate ba, mutum 15 ne a kowane rukuni, kuma wata biyu bai isa a ga ko ƙashi na lalacewa ko ba ya lalacewa ba.

Ga kuma lissafin da mai talla ba za ta yi miki ba. Garin kurkur na kasuwa kurkumin ɗin da ke ciki bai wuce kashi 3 cikin 100 ba a mafi yawan lokuta. Ƙaramin cokalin shayi ya ɗauki giram 2 zuwa 3, kin ga kenan kurkumin ɗin bai kai miligiram 100 ba, kafin ki kai giram guda da ake yawan bayarwa a rana a irin waɗannan gwaje-gwaje sai kin haɗiye cokali goma ko fi, wa zai iya? Sannan ɗan abin da kika sha ma hanji ba ya tsotsarsa da kyau, wanda ya shiga kuma hanta ta yi maza ta fitar. An yi wani gwaji a Indiya a 1998 aka haɗa shi da sinadarin masoro, faifarin, aka ga abin da ke shiga jini ya ninka kusan sau 20, shi ya sa kamfanoni suka koma zuba masoro a kafso. To a nan kuma wata matsalar ta ɓullo. A Italiya a 2019 an samu jerin mutanen da hantarsu ta kumbura bayan shan kafson kurkur, a Amurka ma likitocin da ke bin diddigin ciwon hanta na magunguna sun rubuta irin wannan, kuma da yawa a kafson da aka haɗa da masoro ne, Ostireliya ta fitar da gargaɗi a 2023. Ke kuma maganin da kike sha dama hanta ce ke ɗaukar nauyinsa, shi ya sa ake ɗibar miki jini lokaci zuwa lokaci. Don haka kurkur a miya, a shinkafa, a madara mai ɗumi da ɗan masoro, bismillah ki ci abinki. Kafso mai ƙarfi a kan methotrexate ba tare da likitanki ya sani ba, ni dai ban yarda ba. Kuma in da hali ki sayi saiwar ki daka da kanki, don a Bangladesh an kama masu sarrafa kurkur suna zuba wani fenti mai dalma don launin ya ƙara kyau, gari kuma ba ka san ta inda ya biyo ba kafin ya iso kasuwar Kurmi ko Sabon Gari.

Citta ta fi sauƙin sha'ani don adadin da aka gwada abu ne da mutum zai iya ci a abinci. A Iran an ba masu wannan ciwo garin citta giram ɗaya da rabi kullum na sati 12, ma'aunin ciwon ya ragu. Giram ɗaya da rabi bai kai cikin ƙaramin cokali ba, wanda mu a kunu da shayi da yaji muna shan haka ba ma tare da mun sani ba. Kuma ga ki da tashin zuciya, citta na daga cikin 'yan tsiran da aka tabbatar suna rage shi, to kin ga ta yi miki amfani biyu. Sai dai in kina da gyambon ciki ko ƙwannafi ki bi a hankali.

Sauran ma Iran ɗin ce ta fi yin gwajinsu, kuma duk salonsu ɗaya, mata 'yan kaɗan, wata biyu. Tafarnuwa miligiram 1000 a rana, mata 70. Girfa giram 2 a rana, mata 36. Kuwasetin, sinadarin da ke cikin albasa musamman ja, miligiram 500, mata 50, an ga sanƙarewar safe da zafi sun ragu, amma kafin ki samu wannan adadin daga albasa sai kin ci fiye da kilo guda kullum, mutanen gida su gudu su bar ki. Girfa kuma yawancin wadda ke kasuwa tana da wani sinadari, kumarin, da ke taɓa hanta in an yawaita, don haka a shayi kawai, ba a cokali ba.

Habbatus sauda na san tana da matsayi a zuciyarmu saboda hadisin da ya zo a kanta, babu mai ja da wannan, kuma neman magani a asibiti bai ci karo da shi ba. A Masar a 2012 an ba mata 40 man habbatus sauda miligiram 500 sau biyu a rana, kumburin gaɓɓai da sanƙarewar safe suka ragu. Abin da nake so ki riƙe shi ne matan nan ba su daina maganinsu na asibiti ba, a kansa aka ɗora musu. Haka kusan duk gwaje-gwajen da na lissafa miki. Wato ko binciken da mai kafso take kafa hujja da shi bai ce a ajiye magani ba. Zogale kuwa abinci ne mai kyau ƙwarai, ki ci kwaɗonsa ki sha miyarsa, amma yawancin abin da ake faɗa a kansa game da gaɓɓai a jikin ɓeraye aka gani.

A nawa ganin inda hujja ta fi nauyi ba a sinadari guda ba ne, a tsarin cin abincin ne gaba ɗayansa. A Suwidin a 2003 an ɗora marasa lafiya kimanin 50 rabinsu a kan irin cimar mutanen bakin tekun Bahar Rum, wato ganye da 'ya'yan itace da wake da hatsi da kifi da man zaitun, jan nama kaɗan, na sati 12. Muna da ma'aunin da muke duba gaɓɓai 28 mu haɗa da gwajin jini mu fitar da maki, ƙasa da 2.6 ciwo ya kwanta, sama da 5.1 ya yi tsanani. A wannan gwajin makin ya sauka da kusan 0.6. A Holan a 2023 an yi wani da mutum 80 da 'yan kai, abincin tsirrai zalla haɗe da motsa jiki da kula da barci da rage damuwa na sati 16, ya sauka da 0.9. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, mai ciwo zai ji bambancin a hannunsa. Amma ki ɗauka naki makin 5.5 ne, ki cire 0.6 ko 0.9, har yanzu ciwon na nan da ransa. Akwai ma wani gwajin na Suwidin a 2020 da bai nuna wani bambanci na a zo a gani ba. Shi ya sa ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka a jagoranta na 2022 ta ce ta ƙarfafa motsa jiki sosai, ta goyi bayan irin waccan cimar da sharaɗi, amma ta fi son a ci abinci yadda ya kamata a kan a ƙara da kafso.

Yanzu za ki ce ina ni ina man zaitun da tsadar nan. Ba sai shi ba. Tukunyarmu ta asali ta fi kusa da waccan cimar fiye da abin da muke ci yau a birni. Tuwon dawa ko gero da ba a surfe shi ya yi fari fat ba, acca, wake a kowace siffa, ɗan wake da alale da wake da shinkafa amma waken ya fi yawa, miyar kuka da daddawa, kwaɗon rama da zogale da ƙuli, alayyahu, yakuwa, kuɓewa, kabewa, riɗi, gyaɗa, gwaiba da gwanda da lemo da mangwaro a lokacinsu. Ɓawon jar dawa da furen zoɓo da garin kuka duk cike suke da dangin sinadaran da ake kira folifinol, waɗanda su ne ake matsewa a zuba a kafso a sayar miki da tsada. Ga kuma harzar da ke cikin wake da ganye da hatsi, wadda ƙwayoyin halittar cikin hanji ke ci su fitar da wasu sinadarai masu kwantar da garkuwar jiki, wannan fanni ne da ake ta bincike a kai yanzu. Man gyaɗa mai kyau ya wadatar, kar dai a yi ta maimaita soya da shi har ya yi baƙi. Sai kifi mai maiƙo irin titus da sardin sau biyu a sati, shi ba tsiro ba ne amma gaskiya man kifi ya fi duk kayan ƙamshin nan hujja a wannan ciwon.

Abin da za ki rage shi ne sukari, kuma a nan mutanenmu ke faɗuwa, a dafa zoɓo mai kyau da citta da kanumfari sannan a juye masa sukari gwangwani biyu. Wani babban bincike da ya bi ma'aikatan jinya mata a Amurka shekara da shekaru ya nuna masu shan lemon kwalba kullum sun fi saurin kamuwa da wannan ciwo da kusan kashi 60 cikin 100. Ki rage kitse da soye-soye, gishiri da dunƙulen ɗanɗano ma haka musamman in ana ba ki prednisolone, maganin nan mai danne kumburi. Dalilin bai tsaya a gaɓɓai ba, masu rumatoyid haɗarin ciwon zuciya a wurinsu ya ɗara na sauran mutane da kusan rabi, kuma ƙiba na rage wa magani ƙarfi. In akwai mai shan sigari ko shisha a ɗakinki a san yadda za a yi, hayaƙin taba na daga cikin abubuwan da aka fi tabbatar da alaƙarsu da ciwon. Dasashi ma ki kula da shi, aswaki da buroshi, in yana jini ki ga likitan haƙori, ciwon dasashi da wannan ciwon suna tafiya tare.

Akwai wani abu game da zoɓo da tsamiya da ba kowa ya sani ba. A Sudan a 1994 an gwada shan chloroquine tare da zoɓo da ruwan tsamiya da na lemon tsami, aka ga maganin da ke shiga jini ya ragu sosai. A kan chloroquine aka yi gwajin, amma tunda hydroxychloroquine, wanda shi ma ake bayarwa a wannan ciwon, ɗan uwansa ne, in yana cikin magungunanki ki haɗiye shi da ruwa zalla ki bar zoɓon sai an jima. Wanda ke shan maganin tsinka jini irin warfarin shi kuma kar ya yawaita citta da tafarnuwa da kurkur sai ya yi shawara. Koren shayi kofi ɗaya biyu ba komai, amma kafsonsa shi ma an san shi da taɓa hanta.

Abin da ya fi tayar min da hankali a asibiti ba kurkur ba ne ma, haɗin nan ne da ake cewa na gargajiya ne zalla. Mace za ta shigo fuska ta yi zagaye ta cika, wuya ya yi tozo, fatar hannu ta yi laushi duk tabon jini, ciki ya yi nankarwa ja, a auna suga ya hau, hawan jini ya hau, ta buɗe jaka ta fito da wani gari a ƙullin leda ko ruwa a gorar roba ba suna ba komai, ta ce wallahi likita tunda na fara shan wannan na samu lafiya, har ƙiba na yi. Wannan ba ƙiba ba ce, dexamethasone ne ko prednisolone aka daka a ciki, wani lokaci har da piroxicam ko diclofenac. Duk maganin itacen da ya ɗauke miki ciwon gaɓɓai cikin kwana ɗaya ko biyu ki zarge shi, sinadaran tsirrai na gaskiya sai an yi satuttuka kafin a ji wani abu, kuma abin da za a ji ɗin kaɗan ne. In kuma har an riga an daɗe ana shan irin wannan haɗin kar a yanke shi rana ɗaya, jiki zai iya rushewa, likita ne zai janye shi a hankali. Ba wai raina itatuwa nake ba, asfirin asalinsa daga sinadarin ɓawon itace aka faro, hydroxychloroquine ɗin ma jikan kwinin ne, amma sai da aka ware su aka auna aka san adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa.

Mu dawo kan ainihin abin da ya sa kike son guduwa, tashin zuciyar nan, domin tana da mafita kuma da yawa. Ki fara duba ko ana ba ki folic acid, don shi ne abokin tafiyar methotrexate kuma yana rage wannan wahalar sosai, da yawa sukan daina saye suna ganin ai maganin ƙarin jini ne kawai. Za a iya mayar miki da shan maganin da dare bayan kin ci abinci ki yi barci a kai, za a iya raba ƙwayoyin safe da yamma a rana ɗayar, za a iya ba ki maganin amai na ranar, za a iya komawa allurar ƙarƙashin fata wadda ta fi sauƙi a ciki, in duk bai yi ba a canja wani maganin dungurungum. Amma likitanki ba zai yi ko ɗaya ba in ba ki faɗa masa ba, mu kuma mutanenmu akwai kunya, a ce yaya jiki a ce da sauƙi, a fita a daina shan magani. In wanda ke duba ki ba ƙwararre ba ne a fannin ki nemi a tura ki asibitin koyarwa, Malam Aminu Kano ko Shika ko na Maiduguri, wanda ya fi kusa da ke.

Sau ɗaya a sati ake shan methotrexate, ba kullum ba, ki zaɓi rana guda ki rubuta a jikin kwalin. Kar wani mai kemis ya ba ki Septrin kina kansa, haɗuwarsu na iya durƙusar da ɓargo. In kika ga gyambon baki, zazzaɓi, tari busasshe da numfashi sama-sama, ko idonki ya yi rawaya, ki tsayar da shi ki tafi asibiti a ranar. Sannan a shekarunki zancen haihuwa bai wuce ba, wannan maganin yana illa ga ɗan tayi kuma ba a shansa ana shayarwa, in ke da maigida kuna son ƙari ku faɗa tun kafin a samu cikin, akwai waɗanda ake komawa kansu lafiya lau irin hydroxychloroquine da sulfasalazine. Azumi kuwa yawancin masu ciwon suna yinsa ba matsala, a Tunisiya ma an ga wasu ciwon nasu ya ɗan lafa a watan Ramadan, a dai daidaita lokacin shan magani kuma kar a sha diclofenac da sahur ciki ba ruwa sosai saboda ƙoda.

In kin riga kin sayi kafson nan ki tafi da kwalbar ranar ganin likita ya karanta abin da aka rubuta a jiki, in kin fara sha ki faɗi tun yaushe, a ƙara duba hantar kafin a ci gaba da komai.